Kwanan wata da tsofaffin burauza: tambayoyin masu kafe da masu gina shafi a Abuja

Kwamfutocin da ake aiki da su a kafe-kafe da shagunan buga takardu na Abuja, daga gefen Sakatariyar Tarayya har Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, da yawansu na hannu ne. Wasu an sayo su a Banex, wasu an gaje su daga ofishin da ya sake kaya. Windows 7 ce a kan da yawa daga cikinsu, kuma har yau akan ci karo da mai XP a wani lungu tana jan firinta. Ciwon da ba ya rabuwa da irin waɗannan na'urori shi ne kwanan wata. Na tara tambayoyin da masu shago da yaran da ke koyon gina shafi suka fi kawowa. Na farkon na mai zama gaban kwamfuta ne. Daga inda aka shiga maganar JavaScript, harshen da ake rubuta wa burauza umarni da shi, na masu rubuta shafi ne, amma mai kafe ma ya daure ya karanta, don ya san inda laifin ba na na'urarsa ba ne.

Malam, na kunna kwamfuta da safe, duk shafin da na buɗe sai Chrome ya ce agogona yana baya. Data ce ta ƙare ko bairos ne?

Ba ko ɗaya. Dubi kusurwar ƙasa ta dama, za ka ga kwamfutarka tana zaune a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaidar tsaro, kuma a jikin takardar akwai ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Burauza ba ta da wani agogo nata, na kwamfutar take dubawa. In kwamfuta ta ce yau 2009 ce, to takardar da aka bayar bana ba a ma haife ta ba tukuna, sai burauza ta ƙi buɗewa ta rubuto maka NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. In kuma agogon gaba ya yi, takardar ta zama matacciya, kuma za ka ga shafuka suna ta fitar da kai bayan ka shiga, domin alamar da suke ajiye wa burauza don su tuna ka ita ma tana da ranar mutuwa.

Mai riƙe da lokaci idan kwamfuta tana kashe wani ɗan batir ne faffaɗa mai kama da kwabo, sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Muddin kwamfuta tana jone da wuta, ko a kashe take, ba a cika taɓa shi ba. Amma a shagon da ake ɗauke wuta kullum, a zare soket da daddare don tsoron wutar da za ta dawo da ƙarfi, shi kaɗai ke aikin, ga shi ma tun daga ƙasar da aka kawo na'urar ya riga ya sha jiki.

Canza shi ba sai an kira injiniya ba. Zare wayar wuta, buɗe murfin gefe, za ka hango shi yana ƙyalli a kan babban allon. Akwai ɗan ƙarfe a gefensa, danna shi da farce, batirin zai ɗago da kansa. Saka sabon, fuskar da ke da alamar + tana kallon sama. Da ka kunna, shiga BIOS, wato saitin na'urar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ka saita rana da lokaci: a yawancin HP maɓallin F10 ne, a Dell F2. Laftof ce ke da ɗan wuya, don a wasu an naɗe batirin cikin roba da 'yar waya, kuma sai an kwance ƙasan na'urar. Wannan kam kai wa mai gyara.

Na gyara agogon da hannu, ya yi daidai da na wayata. Bayan kwana biyu ya sake tsallakewa da awa takwas ko tara. Batirin ne kuma?

In minti yana daidai, awa ce kawai ta kauce, batir ba shi da laifi. Yankin lokaci ne. Na'urar da aka kawo daga Amurka, ko wadda aka sa mata Windows aka yi ta danna “gaba, gaba” ba a duba ba, sau da yawa tana kan lokacin gaɓar yammacin Amurka. Kai ka juya awa ta yi daidai da ta Abuja, amma a cikinta kwamfutar tana ɗauka a can take. Ranar da ta tuntuɓi agogon intanet sai ta mayar da kanta inda ta ga ya dace. Ƙari a kan haka, za ta yi tsallen awa guda a Maris da Nuwamba, lokacin da Amurkawa ke juya agogonsu.

Najeriya awa ɗaya take gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, rani da damina, ba ma juya agogo. A Windows zaɓi wanda aka rubuta West Central Africa. A waya ko Linux, Africa/Lagos ko Lagos. Sai ka fara gyara yankin kafin ka taɓa awa.

Oga, agogo daidai, yanki daidai, amma tsohuwar kwamfutar har yanzu tana cewa takardar shafi ta mutu. A wayata kuma shafin yana buɗewa lafiya lau.

Nan kwanan watan da ya ƙare ba na shafin ba ne, na cikin kwamfutarka ne. Kowace na'ura tana zuwa da jerin manyan takardu da ta amince da su, waɗanda su ne ke tsaya wa takardun shafuka. Su ma suna da wa'adi. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na ranar 30 ga Satumba 2021, da takardar DST Root CA X3 ta mutu. A kanta miliyoyin shafukan da ke karɓar shaida kyauta daga Let's Encrypt suka jingina. Na'urorin da ke samun sabuntawa sun riga sun karɓi magajiyarta, ISRG Root X1, ba su ma san an yi ba. Waɗanda aka rufe wa sabuntawa, da tsofaffin iPhone da ba su kai iOS 10 ba, suka wayi gari shafuka da dama sun rufe musu ƙofa. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba an yi musu wata dabara da ta ja musu lokaci, ita ma ta ƙare a 2024.

Mafita mafi sauƙi ita ce Firefox, domin yana tafe da nasa jerin takardun, ba ya dogara da na Windows. Sai dai kowace tsohuwar Windows tana da inda aka tsaya da ita. A XP, Chrome ya tsaya a 49, Firefox a 52, Internet Explorer kuwa a 8. A Windows 7, Chrome ya tsaya a 109 tun farkon 2023, Firefox a 115. Microsoft ta janye hannu daga XP ranar 8 ga Afrilu 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ta kuma yi wa Internet Explorer 11 ritaya ranar 15 ga Yuni 2022. Ra'ayina: kwamfutar XP ta ci gaba da buga takarda da sikanin, amma kada kwastoma ya shigar da lambar katin bankinsa a kanta.

Wani ya ce in mayar da agogon baya zuwa 2020, shafin zai buɗe. In yi?

Kada ka yi. Za ka rayar da tsohuwar takardar, amma ta shafin kanta, wadda galibi ba ta wuce wata uku da fitowa ba, za ta zama ba ta fara aiki ba. Ka toshe rami ɗaya ka buɗe goma, ga rasit da duk fayil ɗin da ka ajiye ranar za su ɗauki shekarar ƙarya.

Na ga wani tsohon shafin makaranta yana rubuta shekara kamar 124 ko 19124. Daga ina wannan?

Wannan tsohon miki ne, ya girmi yawancin masu tambayar. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape cikin kusan kwana goma, kuma ɓangaren kwanan wata an kwafo shi ne daga harshen Java, har da aibobinsa. Ɗaya daga ciki shi ne getYear, wanda ba shekara yake bayarwa ba, shekara ce da aka cire mata 1900. A 1998 yana ba da 98, masu shafi su manna “19” a gabansa, komai ya tafi daidai. Da aka shiga 2000 sai ya ba da 100, shafuka suka rubuta 19100. Har shafin hukumar sojan ruwan Amurka mai kula da agogon ƙasar ya nuna haka a ranar farko ta shekarar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, burauzoji ba su yi baki ɗaya ba. Netscape ya ba da 100, Internet Explorer ya ba da 2000 cikakkiya. Wanda ya gyara ta hanyar ƙara 1900 ya samu daidai a Netscape, a Internet Explorer kuma ya samu 3900. Don haka in ka ga shafin da ke nuna 124, an rubuta shi ne ana gwadawa da tsohon Internet Explorer kaɗai, shekarar kuma 2024 yake nufi. Gyaran kalma ɗaya ce: getFullYear, wanda ya kasance a ƙa'idar harshen tun 1997. Duk burauzar da za ka samu a Abuja yau ta san shi.

Ɗan'uwan wannan matsala yana nan har a sababbin burauzoji: in ka ba Date, ɓangaren kwanan wata na JavaScript, shekara mai lamba biyu, daga 0 zuwa 99, ƙarni na ashirin zai kai ka. Yaron da aka rubuta wa 05 zai zama haifaffen 1905.

A kwamfutata shafin da na gina yana nuna kwanan wata daidai. A ta ofishin da na yi wa aikin sai NaN ko Invalid Date.

Kusan kullum dalilin guda ne: ka miƙa wa burauza kwanan wata a matsayin rubutu, ka bar ta ta fassara. Tsarin shekara-wata-rana, irin 2024-03-15, bai shiga ƙa'idar JavaScript ba sai a bugu na biyar, a Disamba 2009. Internet Explorer 9, na 2011, shi ya fara gane shi a gidan Microsoft. Na 8 zuwa ƙasa NaN suke mayarwa, wato “ba lamba ba ce”, kuma ba su san Date.now ko toISOString ba. Tsofaffin Safari, har da na iPhone, suna da nasu taurin kan: in saba, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta turo 2024-03-15 10:30, da fili a tsakani maimakon harafin T, sai su ce ba su san zancen ba, alhali Chrome ya karɓa ba musu. MySQL kuwa, ma'ajiyar bayanan shafi, da filin yake fitar da lokaci, shi ya sa wannan ke yawan kama masu rubuta shafi da harshen PHP.

Za ka ga ana ba da shawarar a mayar da sandunan tsakani zuwa karkatattu, 2024/03/15. Yana aiki a yawancin tsofaffin, amma babu ƙa'idar da ta tilasta shi, sa'a ce kawai. Hanyar da ba ta cin amana ita ce ka yanka rubutun da kanka, ka fitar da shekara da wata da rana a matsayin lambobi, ka miƙa su ɗaya bayan ɗaya.

To na yi haka, sai Maris ya koma Afrilu.

Watanni a JavaScript daga sifili suke farawa: Janairu 0, Disamba 11. Ranakun wata kuma daga 1. Cire ɗaya daga wata lokacin shigarwa, ƙara ɗaya lokacin nunawa. Wannan ma gadon Java ne.

Komai yana tafiya daidai sai a Agusta da Satumba, da ranar 8 da 9 ga kowane wata. Me ya haɗa su?

Sifilin da ke gabansu. A tsofaffin burauzoji, ciki har da Internet Explorer 8 da Firefox na da, parseInt, mai mayar da rubutu lamba, yana ɗaukar lambar da ta fara da sifili a matsayin lissafin takwas-takwas, wanda lambobinsa daga 0 zuwa 7 suke tsayawa. Daga 01 zuwa 07 amsar ɗaya ce ko ta wane lissafi, shi ya sa ba a lura. Amma 08 da 09 babu su a can, sai ya mayar da 0. Mutum zai gina shafi a Fabrairu, ya gwada, ya karɓi kuɗinsa, sai damina ta yi nisa a kira shi. Kullum ka rubuta parseInt(x, 10). Goman nan ita ce ke cewa lissafin goma-goma ake nufi.

Hajiya ta cike fom, ta zaɓi 12 ga Mayu 1998 a matsayin ranar haihuwa, silif ya fito da 11 ga Mayu. Ta rantse ba kuskurenta ba ne.

Gaskiyarta, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so masu gina shafi a ƙasar nan su tsaya a kanta, don ba ta bar sababbin burauzoji ba ma.

Ga yadda abin ke faruwa. Shafin ya ɗauki ranar da ta zaɓa ya mayar da ita Date. Date bai san rana zalla ba, dole sai da lokaci, don haka ya sa ƙarfe 12 na dare, farkon 12 ga Mayu, agogon Abuja. Da za a tura wa saba, sai aka kira toISOString, ko JSON.stringify wanda shi ma hakan yake yi a ɓoye. Shi kuma da UTC yake magana, wato awa ɗaya baya da mu. Sha biyun daren Abuja ta zama 1998-05-11T23:00:00.000Z. Mai shafin ya yanki haruffa goma na farko ya ajiye. Shi ke nan, Hajiya ta ƙara kwana ɗaya a duniya. Wanda ya rubuta darasin da aka kwafo, in a Accra yake zaune, ba zai taɓa ganin wannan ba, don agogonsu da UTC ɗaya ne. Mu da ke gabashinsu mu ke kwana a ciki.

Akwai kuma juyinsa. Rubutu irin 1998-05-12, ba lokaci a jikinsa, ƙa'ida ta ce a ɗauke shi a matsayin UTC. A Abuja ya zama ƙarfe ɗaya na dare ranar 12, ba wanda ya lura. Ɗanta da ke karatu a Amurka in ya buɗe shafin, yammacin 11 zai gani.

Tsofaffin burauzoji sun ƙara nasu gishirin. In an rubuta rana da lokaci ba a faɗi yanki ba, kamar 2015-06-10T09:00:00, ƙa'idar 2011 ta ce UTC ne, ta 2015 ta ce lokacin gida ne. Shekaru aka yi Chrome yana bin ta farko, Firefox yana bin ta biyu. Mutum biyu a kafe ɗaya, ɗaya ya ga ganawar neman aiki ƙarfe tara, ɗaya ya ga ƙarfe goma.

Gyaran kashi biyu ne. Ranar haihuwa, ranar biki, ranar ƙarewar kati, ba lokaci ba ne, kada ka bari su bi ta cikin Date kwata-kwata. Karɓe su a rubuce, tura su a rubuce, ajiye su a gurbin rana zalla. Abin da yake da awa kuwa, kamar jarrabawa ko rufe fom, rubuta yankinsa a fili: +01:00 a ƙarshe. Mai kafe kuma, kafin ka danna turawa, da bayan silif ya fito, sa kwastoma ya karanta ranar haihuwarsa da bakinsa. Kwana ɗayan nan in ya saɓa da abin da ke kan NIN ko BVN, magana ta koma rantsuwa a kotu da bin layi.

03/04/2024, uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris?

A wurinmu uku ga Afrilu. A wurin JavaScript huɗu ga Maris, don tsarin Amurka yake bi. In rana ta wuce 12, kamar 15/03/2024, Chrome zai ce bai gane ba, wanda ya fi alheri. Wasu tsofaffin burauzoji ba sa ƙi: su ɗauki 15 a matsayin wata, su zagaya shekara, su ba ka 3 ga Maris 2025 ba tare da ko tari ba. A fom, sa a zaɓi wata da sunansa.

Akwatin kalanda da na sa a fom ba ya fitowa a wasu kwamfutoci, sai fili kawai na rubutu.

Haka aka tsara: burauzar da ba ta san gurbin kwanan wata na HTML5 ba tana mayar da shi gurbin rubutu. Chrome ya san shi tun 2012. Firefox sai a bugu na 57, Nuwamba 2017, wato Firefox ɗin XP bai kai ba. Safari na kwamfutar Mac sai 2021. Internet Explorer har ya mutu bai koya ba. Da zarar ya zama fili, kowa zai rubuta abin da ya ga dama, wani 5/6/99, wani 5th June. In ka san masu amfani da shafinka daga kafe za su shigo, yi gurbi uku: rana, wata, shekara. Ba shi da ado, amma ga ranar haihuwa ya ma fi kalandar sauƙi, don ba wanda ke son danna kibiya yana komawa baya shekara talatin. Kuma duk abin da aka turo, saba ta sake tantance shi.

A Internet Explorer 11 na nuna kwanan wata da toLocaleDateString, ido yana ganin daidai, amma saba ta ƙi karɓa.

Akwai haruffan da ido ba ya gani a ciki. Wannan burauzar tana cusa alamar U+200E, mai nuna rubutu daga hagu zuwa dama yake, a tsakanin lambobin. Za ka iya share su, amma asalin kuskuren shi ne tura abin da aka yi don ido. Abin da toLocaleDateString ya fitar na nunawa ne kawai.

Muna son shafin masallacinmu ya riƙa nuna kwanan watan Musulunci. Burauza za ta iya?

Sababbi za su iya, ta hanyar Intl, ɓangaren JavaScript mai kula da harsuna da kalandu, wanda aka kafa ƙa'idarsa a Disamba 2012. Internet Explorer 10 zuwa ƙasa da Safari da bai kai 10 ba ba su da shi. Amma ko a sabuwar, lissafi take yi, ko dai na Ummul Ƙura da Saudiyya ke amfani da shi ko na jadawali. A Najeriya kuwa ganin wata ake bi, sanarwa kuma daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa, don haka ana iya samun saɓanin kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Ga shi burauza sha biyun dare take juya rana, mu kuma da faɗuwar rana. Shawarata, a yi lissafin a saba, a bar wa mai kula da shafin wurin ƙara ko rage kwana bayan kowace sanarwa. Daren 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramadan, kada a bar na'ura ta yanke hukunci ita kaɗai.

Agogon ƙirga lokacin rufe fom ba ya motsi a Opera Mini.

Ba zai motsa ba. A yanayin matse data sosai, shafin a kan sabobin Opera ake buɗe shi, a gudanar da JavaScript na 'yan daƙiƙu, a turo wa waya hotonsa a matse. Rubuta ranar rufewa da awarta a fili kusa da agogon, da sunan wata.

Ana cewa 2038 za ta zama kamar 2000. Burauza za ta tsaya?

Date na JavaScript ba ruwansa, yana iya ƙirgawa har shekara ta 275760. Matsalar tana ga manhajojin da ke ƙirga daƙiƙu tun daga farkon 1970 a cikin gurbi mai bit 32. Gurbin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya. Inda za ka fara jin ta tun yanzu shi ne tsohuwar saba mai PHP na bit 32, ko gurbin TIMESTAMP na MySQL, in ka zo ajiye ranar ritayar ma'aikaci ko ƙarshen hayar fili ta shekara ashirin. Ga irin waɗannan yi amfani da DATE ko DATETIME.

In ɗauko Moment.js in huta?

Wannan kayan aikin kwanan wata da ake ɗora wa JavaScript ya yi wa mutane aiki tun 2011, kuma in dole ne shafinka ya buɗe a Internet Explorer 8, yana cikin 'yan kaɗan da za su yarda. Amma masu shi sun sanar a Satumba 2020 cewa sun daina ƙara masa sabon abu, ga nauyi ga mai sayen data kaɗan-kaɗan. Day.js ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Temporal, wanda aka tsara don ya gaji Date, yana da nau'in rana zalla da zai kashe matsalar Hajiya, kuma ya shiga Firefox a 2025, sai dai kwamfutar Windows 7 ba za ta taɓa ganinsa ba sai mai shafin ya haɗa mata da ciko, wato ƙarin JavaScript da ke yin aikinsa.

Ko wanne ka ɗauka, kafin ka miƙa aiki gwada shi da 8 ga Agusta, da 29 ga Fabrairu 2024, da 31 ga Janairu in an ƙara masa wata ɗaya, don Date zai tsallake Fabrairu ya faɗa Maris. Cike fom ɗin da sha biyu da rabi na dare. Sannan juya yankin lokacin kwamfutarka zuwa New York ka sake buɗe shafin, ka kuma roƙi mai kafen unguwarku ya ba ka minti goma a kan na'urarsa mafi tsufa.